Atamfar Barkar Gidan Ladan

Na san abin da ake faɗa a Tambuwal game da barina aikin Turawa, kuma na san ku 'ya'yana kun ji, ko da yake babu wanda ya taɓa tarata da maganar a cikinku. Wasu sun ce korata aka yi don an kama ni da karɓar na goro. Wasu sun ce na sayar da sunan wani bawan Allah ga ogansa. Ke Asma'u kin yi wata biyu kina gaishe ni da ƙyar, don kin sa rai in na daɗe a wurin za a ɗauke ki aiki. Ban karɓi ko ƙwandala ba, ban kuma sayar da kowa ba. Amma mutumin ya tagayyara, kuma ta hannuna abin ya bi, shi ya sa ban taɓa tashi na kare kaina ba. Yanzu da idona ya fara rauni, gara na rubuta muku yadda aka yi tun ina ganin layi.

Kun san na ƙare ƙuruciyata a kotu ina buga tafireta. Babu irin shari'ar da ba ta bi ta yatsuna ba, har na iya maganar lauyoyi da Turanci da Hausa ba tare da na shiga makarantarsu ba. Bayan na yi ritaya ina zaune ina kiwon awakina sai wata ƙungiya daga ƙasar waje ta zo da aikin gyaran dokokin yaƙi da cin hanci. Sun ce dokokin da ake da su sun tsufa, za a rubuta sabon daftari, amma kafin a kai shi gaban masu yanke magana a birni sai an ji ta bakin talakawa. Suna neman mace dattijuwa wadda ta san harshen doka kuma za ta iya shiga gidaje. Aka nuna musu ni. Shugabar aikin wata Baturiya ce doguwa, kowa Madam yake ce mata, mace mai kirki da tsoron karya ƙa'ida, ko ƙwai aka ba ta a ƙauye sai ta mayar. Ni kuwa, ba zan ɓoye muku ba, kaina ya kumbura. Na yi shekara da shekaru ina buga abin da maza suka faɗa, yau ga ni zaune a tebur ana tambayata yadda ya kamata a rubuta doka.

A cikin daftarin akwai wani sashe da na fi ƙauna, ni na juya shi zuwa Hausa da hannuna. Sashen ya ce duk ma'aikacin da ya tona ɓarnar da ake yi a wurin aikinsa, ba za a kore shi ba, ba za a yi masa canjin wurin aiki don mugunta ba, kuma ba za a bayyana sunansa ba. Na yi kwana uku ina gyara kalmominsa har suka yi daɗin karantawa. Saboda yawan maimaita shi na haddace shi, na kan karanta wa babanku yana cin tuwo, shi kuma ya ce na bari ya haɗiye tukuna.

Mun kira taron jin ra'ayi a Kebbe, da damina ta ja baya ana shirin yankan gero. Mutane sun cika rumfa, manoma da makiyaya da 'yan kasuwa da ma'aikata. Aka tambaya ko akwai mai ƙorafi, kowa ya ce lafiya lau, Allah Ya saka wa gwamnati. Na san za a yi haka, don manyan gari ne a kujerun gaba. Da muka dawo ina jera takardun tambayoyin da muka raba, sai na ga rubutu ƙanana a bayan wata. Mai rubutun ya ce sunansa Ladan, malamin dabbobi ne a wani ƙauye bayan Kebbe, yana da magana mai nauyi, amma kada mota mai tambari ta je ƙofarsa, kada kuma a kira shi ofis. Sunan ƙauyen ba zan rubuta shi ba ko a nan.

Na yi bincike a hankali ta wurin wata mai sayar da man shanu, na ji matarsa Kulu ta haihu, suna ranar Alhamis. Nan dabara ta faɗo mini, kuma na yi murna da kaina ƙwarai. Gidan suna kowa shiga yake yi. Wace ce za ta tsaya tambayar baƙuwa a cikin taron mata? Zan je barka kamar kowa, na ji maganarsa, na fito. Na gaya wa Madam, ta yaba, amma ta ɗaga yatsa ta ce kada na kai masa kyautar komai, ƙa'idar aiki ta hana, don kada a ce sayen shaida aka yi. Na ce mata to, a raina kuwa ina dariya. Ita ba ta san cewa macen da ta shiga gidan barka hannu sake ta fi mai zuwa da mota jawo ido ba. Na shiga kasuwar Tambuwal da kuɗina na sayi turmin atamfa mai kyau, shuɗi da ganye-ganye ruwan zinariya. Babanku ya gan shi a kan gado.

"Luba, wanga turmi na wa na?"

"Na barka na, can bayan Kebbe."

"Ke da kinka ce ɓoyo za ki? Riƙi sabulu biyu ki shiga ki fito, ba mai tuna ki."

"Haba Malam. Ni da girmana in taso tun daga Tambuwal da sabulu biyu? Mi za a ce da ni?"

"Ai so nika kada a ce komi."

Na ce masa shi namiji ne, bai san sha'anin mata ba. Ya ɗauki rediyonsa ya fita zaure. A duk zamanmu da shi, Allah Ya jiƙansa, bai taɓa tuna mini da wannan maganar ba.

Ranar Alhamis na shiga motar haya zuwa Kebbe, daga nan ɗan kabu-kabu ya ɗauke ni a babur, hanya duk kwazazzabo, na isa bayan azahar ƙuguna kamar ba nawa ba. Gidan cike yake da mata. Na yi sallama, na yi barka, na ɗauki jaririya na sa mata albarka, na miƙa ƙunshina ga tsohuwar da ke karɓar kaya. Gwaggon Ladan ce, ƙanwar mahaifinsa, sunanta Gwaggo Hajo, 'yar siririya mai murya kamar ta mai shela. Kulu ta san da zuwana, don na aika mata ta bakin mai man shanun, ta yi wa wata ƙanwarta ido, aka kewaya da ni bayan rumbuna inda Ladan yake tsugune yana jirana. Mutum ne da bai wuce arba'in ba, mai sanyin murya, yana magana yana kallon ƙasa.

Ya ce mini allurar rigakafin ciwon huhu da ake yi wa shanu gari ce a cikin 'yar kwalba, sai an haɗa ta da wani ruwa na musamman kafin a zuƙa a sirinji. Damina biyu ke nan ogansa yana aiko masa da ruwan kawai, garin kuwa ana karkatar da shi a sayar wa masu manyan garkuna a wani wuri. Shi kuma an ce ya fita rugage ya yi allura, ya huda kunnen saniya alamar an yi mata, ya cike takarda. Da farko ban gane ba, na sa ya maimaita.

"Ruwa kaka tsira masu?"

"Ruwa, Hajiya. Tsabar ruwa."

"Su masu shanun ba su sani ba?"

"Godiya suka yi min. Har nono suka bi ni da shi. Bara ciwon ya shigo garken surukina, baban Kulu. Da hannuna na huda kunnuwansu. Yana binne su yana ce min, Ladan kai ka yi naka, ƙaddara ta."

Na buga shari'ar kisa, na buga ta fashi, ban taɓa jin abin da ya tsaya mini a ƙirji irin wannan ba. Ga guɗa tana tashi a tsakar gida, ga naman ragon suna ana soyawa, wanda na ji daga baya surukin nan ne ya kawo ragon, ga mutum tsugune a gabana yana gaya mini abin da ko matarsa ba ta san rabinsa ba. Ya ce ya taɓa yin gardama sau ɗaya, ogan ya nuna masa takardun, duk sa hannunsa ne a kai, ya ce in magana ta fito wa za a kama. Sai ya tambaye ni ko gaskiya ne abin da ya ji a taro, cewa akwai dokar da za ta tsare mai faɗin gaskiya. Na gyara zama na karanta masa sashen nan nawa da ka, tun daga farko har ƙarshe, da murya irin ta alƙali. Ya ɗago kai, karo na farko ya dube ni.

"Hajiya, dokar ta tabbata?"

"Saura kaɗan."

Abin da na ce masa ke nan. Na san daftari ne, na fi kowa sanin bambancin daftari da doka, ni da na ga takardu nawa sun mutu a cikin kabad. Amma ina son shaidarsa, kuma ina son sashena, sai na faɗi abin da zai sa ya saki jiki. Ya ce to na rubuta, ya amince.

Da na koma cikin mata na tarar an baza kayan barka a kan tabarma. Kun san al'adar, ba sai na gaya muku ba, amma ni a ranar kamar an shafe mini ita daga kai. Ana ɗaga kowane kaya a nuna, a faɗi wadda ta kawo, don gida ya riƙe, ranar da abin farin ciki ya same ta a rama mata. Sabulai ne da 'yan riguna da kwanon gero da ɗan man shafawa. Sai Gwaggo Hajo ta warware atamfata ta ɗaga ta sama da hannu biyu, aka ɗau guɗa. Mata suka taso suna shafawa. Babu turmi ko ɗaya a kayan sai shi.

"Wagga baiwar Allah daga ina? Ɗiyata, ke ɗiyar wa ta?"

Na ce ni ƙawar wata 'yar uwar Kulu ce. Ta ce ai ba a yin haka, na faɗi sunana da gidana. Ina riƙe da kwanon tuwonta, tsohuwa sa'ar uwata, idon mata ya fi hamsin a kaina. Na ce Luba, daga Tambuwal. Ban ƙara komai ba, na ɗauka na yi wayo. Ta maimaita sunan sau uku don ya zauna mata.

Na kawo shaidar, na cire sunan mutum da na ƙauye, na buga ta da Turanci. Madam ta karanta ta cire tabarau. Ta ce wannan ita ce hujjar da ake nema don a nuna wa manya amfanin sashen kare mai tona asiri. Bayan mako biyu aka kira babban taro a ofishinmu na Tambuwal, aka gayyato shugabannin ma'aikata na yankin, har da ogan Ladan. Na nuna damuwa da na ga sunansa, Madam ta ce ƙa'ida ita ce a gayyaci kowa, in aka tsame shi shi kaɗai ai an nuna shi. Ya zo da babbar riga fara, mutum mai fara'a da iya gaisuwa, ya zauna a layin gaba. Madam ta karanta shaidar, ta ce ta wani ƙaramin ma'aikaci ce a kudancin jiha, ni na fassara. Ina fassarawa ina satar kallonsa. Yana girgiza kai yana salati tare da kowa. Malaman dabbobi a ƙarƙashinsa suna da yawa, bai da yadda zai san wanne ne. Na ji hankalina ya kwanta.

Da aka tashi shan shayi muka fito harabar ofis, sai na ji ana kiran sunana daga bakin ƙofa da muryar da na sani. Gwaggo Hajo ce zaune a kan bencin maigadi, da ƙwarya a cinyarta an rufe da faifai. Godiya ta kawo. Ta ce kyauta irin wannan ba a aiken godiyarta da baki, sai ƙafa ta taka. Ta taso tun da asuba da soyayyen naman suna da ta ajiye mini da kwalbar man shanu. A tashar Kebbe ta yi ta tambayar wanda ya san Luba ta Tambuwal, wani a cikin mota ya ce ai ita ce mai aikin Turawan cin hanci, direba ya sauke ta a ƙofar ofishinmu, a ƙarƙashin allonmu. Ta yi awa biyu a nan tana ba maigadi da direbobin baƙi labarin alherina. Yanzu ga manyan da kansu sun fito da kofunan shayi, sai ta ƙara murya.

"Ku taya ni godiya, bayin Allah. Wagga mata ta taka har ƙauyenmu, har gidan ɗana Ladan malamin dabbobi. Ba dangin iya ba na baba. Turmi guda ta kai muna. Har bayan rumbu ta bi shi ta yi mai barka, sun daɗe suna zance."

Na tsaya da kofi a hannu ban iya ajiye shi ba. Na so na ruga na rufe mata baki, amma ta riga ta gama faɗa. Ogan yana tsaye taku kaɗan daga gare ni. Bai dube ni ba ko sau ɗaya. Ya miƙa kofinsa ga direbansa, ya je ya durƙusa a gaban tsohuwar ya gaishe ta da ladabi, ya tambayi mai jego da jaririya, ya zaro goro fari ya ba ta.

"Ladan ai yarona na, Inna. Ki ce ina mai barka. Ki ce zan neme shi."

Ta sa masa albarka. Ta juyo ta miƙo mini ƙwaryar tana murmushi, na karɓa, don ban san abin da zan yi da hannuna ba. Madam ta matso tana tambayata da Turanci wace ce wannan tsohuwa mai fara'a, ko za a ɗauke su hoto.

Ba a yi kwana goma ba aka dakatar da Ladan. Takardar ta ce bincike ya nuna shi ke sayar da maganin rigakafi yana yi wa shanu allurar ruwa, ga sa hannunsa a kan komai. Ogan da kansa ya zagaya rugage yana ba makiyaya haƙuri, yana cewa shi ne ya gano ɓarnar. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne rabin maganar gaskiya ce, hannun Ladan ne ya riƙe sirinjin, kuma da surukinsa ya tsare shi ya ce ya rantse bai tsira wa shanunsa ruwa ba, ya kasa rantsewa. A ranar aka zo aka tafi da Kulu da jaririyar. Mutanen da suke bin sa da nono suka daina amsa sallamarsa. Aka ce ya yi kwanaki ba ya fita ko masallaci.

Na je wurin Madam na gaya mata komai, har atamfar. Fuskarta ta yi ja, amma ba ta yi mini faɗa ba, na kuma so a ce ta yi. Na ce a tashi a kare shi, ga sashe mun rubuta. Ta ce Hajiya, daftari ne. Na ce to a kai maganar gaban hukuma, a faɗi cewa shi ne ya kawo ƙara. Ta ce ƙungiyarsu ta zo gyaran doka ne, yarjejeniyar da ta ba su izinin aiki ta hana su shiga shari'ar mutum ɗaya, in suka shiga za a iya rufe aikin gaba ɗaya. Ta ce za ta rubuta wasiƙa, kuma na san ta rubuta, na kuma san inda irin waɗannan wasiƙu suke kwana. Muna cikin haka lauyan aikin ya shigo, ɗan birni, ya dawo daga zaman da aka yi da masu duba daftarin. Yana murna, ya ce an karɓi kusan komai. Na tambaye shi sashen kare mai tona asiri fa. Ya sosa ƙeya ya ce wannan an jingine shi tukuna, manya sun ce zai sa ƙananan ma'aikata su raina na gaba da su, kuma in aka nace a kansa sauran ma ba za su wuce ba kafin wa'adin aikin ya ƙare. Na tambaye shi yaushe aka jingine. Ya ce tun a zaman farko. Da ya faɗi lokacin na lissafa a raina, ashe tun kafin ranar sunan ne. Madam ta sani. Ta ce ta yi fatan shaidar Ladan za ta sa a dawo da shi, shi ya sa ba ta gaya mini ba, don kada gwiwata ta yi sanyi.

Wato ranar da na zauna a bayan rumbu ina rera masa sashen da muryar alƙali, sashen ya riga ya mutu. Na zauna a kujera ina kallonsu su biyu, mutanen kirki, babu ɓarawo a cikinsu, kuma na rasa wanda zan zaga, don duk inda na juya sai na tarar da kaina a ciki. Na ciro katin aiki daga wuyana na ajiye a kan teburin, na ɗauki mayafina. Madam ta biyo ni har ƙofa tana cewa na yi tunani, aikin yana buƙatata. Ban dawo ba. Da rahotonsu na ƙarshe ya fito wani ya kawo mini, na ga shaidar Ladan a cikin akwati mai launi a tsakiyar shafi, an rubuta a ƙasa cewa wannan ya nuna jama'a sun fara samun ƙarfin halin magana.

Na je ƙauyen sau biyu. Na farko na tarar da gidan a rufe, maƙwabta suka ce ya tafi, wasu sun ce yamma, wasu sun ce kudu, an taɓa ganinsa a wata kasuwa yana tallar maganin tsutsar awaki a kan tabarma. Na biyu na je rugar surukinsa da babanku, na gaya wa tsohon cewa Ladan ne ya tona, ba kama shi aka yi ba. Ya saurare ni har na gama, ya ce ya ji, amma shekara biyu yana cin abinci da shi a kwano ɗaya bai faɗa masa ba, sai ya faɗa wa baƙuwa. Kulu tana cikin bukka, na ji kukan yarinyar, ba ta fito ba.

Bayan kaka, ina tsakar gida ina ba awaki dusa, na ji sallama ƙasa-ƙasa. Gwaggo Hajo ce. Da ƙyar na gane muryar. Na shimfiɗa mata tabarma ta ƙi zama, na kawo ruwa ta ƙi sha. Ta zaro ƙunshi daga hammatarta ta ajiye a bakin ƙofar ɗakina.

"Ga kayanki. Falle biyu na. Guda an riga an goya ɗiya da shi, ba shi komowa."

"Gwaggo, ki gafarce ni."

"Ni ka neman gafara. Ni ina godiya, ashe ramin ɗana nika gina. Shekarata saba'in ban taɓa barin alheri ya kwana ba godiya ba. Yanzu ko an ba ni goro sai in ji tsoro." Ta gyara lulluɓinta. "Da kin ce min in yi shiru, da na yi. Ke kin san abin da kika yi, ni ban sani ba."

Ta juya ta fita. Babanku ya bi ta da kuɗin mota ta ƙi karɓa. Kai Bashir kana nan a ranar, ka tambaye ni wace ce, na ce maka mai tallar man shanu ce. To ba ita ba ce.

Bara waccan wasu matasa uku suka zo nemana, mata biyu da namiji, daga wata sabuwar ƙungiya. Suna da ladabi, suna da takardu masu sheƙi. Sun ce ana sake duba dokokin, a wannan karon an mayar da sashen kare mai tona asiri, kuma sun sami fassarata a tsofaffin takardu, babu wadda ta kai ta kyau. Suna so na raka su Kebbe da ƙauyuka, don sun je sun kira taro babu wanda ya yi magana, wani tsoho ma ya ce musu su je su tambayi Ladan, su kuma ba su san waye Ladan ba. Na ce ɗaya ta karanta mini sashen. Ta karanta, kalmomina ne, ko wasali ba a canza ba. Na bari ta kai ƙarshe.

"Ɗiyata, dokar ta tabbata?"

"Saura kaɗan, Hajiya."

Na tashi na shiga ɗaki na ɗauko falle biyun na ɗora mata a cinya, na zauna na ba su labarin nan kamar yadda na rubuta muku shi, ban rage nawa laifin ba. Na ce ranar da aka sa hannu, aka buga hatimi, su zo da takardar na gani da idona, ni zan shiga gaba har ƙauyen ko a kan kabu-kabu ne. Kafin nan kada su karanta wa kowa sashen nan a bayan rumbu. Suka yi godiya, suka mayar mini da atamfar a ninke, suka ce za su dawo. Har yau ina jira.

Yarinyar da aka goya da falle na ukun yanzu ta isa shiga makarantar gaba da firamare, ban san ko ta taɓa ganin ubanta ba. Falle biyun suna ƙasan koren akwatina, a cikin farar leda. In kun zo rabon kayana za ku gan su sababbi, ko ruwa ba su taɓa ba. Kada wadda ta ɗinka.